Me ya sa kyanwa ke lasar bango da leda, kuma yaushe ya kamata a damu?

Masu kiwon kyanwa sun saba ganinta tana lasar leda ko tabarma ko hannun mai gida. Galibi wannan ba ciwo ba ne. Ƙanshin kifi ko nama da ya saura a jikin leda shi ke jan ta, a jikin mutum kuwa gishirin gumi take bi. Wadda aka raba da uwarta da wuri kan girma da tsotsar bargo ko zane.

Sai dai idan kyanwa ta dage da lasar ƙasa ko siminti ko bango kullum, likitocin dabbobi na danganta hakan da ƙarancin jini, wanda ƙuma ko tsutsar ciki kan haddasa. A ɗaga leɓenta a duba dasashi: idan ya yi fari fat, akwai matsala. Haɗiye zare ko leda kuma na iya toshe mata hanji.

A yankin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maganar ta wuce lafiyar kyanwa kaɗai. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Gubar dalma da ke cikin ƙurar ta kashe yara aƙalla 400. Hukumar CDC ta Amurka ta ce kafin a farga, mazauna yankin sun lura agwagi na ɓacewa, amma ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin gargaɗi.

Kyanwa na kwanciya a ƙasa, sannan ta lashe jikinta, don haka duk ƙurar da ke tsakar gida sai ta shiga cikinta. Ƙasar nan dai ita ce yaro ke rarrafe a kai yana kai hannu baki.

Saboda haka idan lashe-lashen ya zo da amai, ƙin cin abinci, rama ko jijjiga, a nemi likitan dabbobi. Idan kuma ana niƙa dutse a gidan ko a maƙwabta, ko wani na dawowa da kayan aikin haƙa, a fara kai yara 'yan ƙasa da shekara 5 asibiti a gwada jininsu, ko da ba su nuna wata alama ba.