Injin da ke kwance ya fi kowanne tsada

Kamfanin casar shinkafa yana cin kuɗi ko da bai casa ƙwara ɗaya ba. Bankin da ya ba da rancen sayen injuna yana jiran kuɗin ruwansa, masu gadi da injiniya da akanta suna jiran albashi, hayar fili tana nan daram, ƙarfe kuma tsufa yake yi ko ana aiki ko ba a yi. Wannan kaso shi masana tattalin arziki ke kira tsayayyen kuɗi. Kaso na biyu yana bin yawan aiki: shanshera, wutar lantarki ko man dizal, buhunan zubi, ladan leburori da kuɗin mota. Da an kashe inji, shi ma ya tsaya. In aka haɗa kasun biyu aka raba da yawan buhunan da suka fito, za a ga abin da kowane buhu ya ci, kuma a ganina nan ne ciwon masana'antun shinkafarmu yake.

Mu ƙaddara tsayayyen kuɗin wani kamfani naira miliyan 60 ne a wata. Idan ya fitar da buhu 6,000 kacal, kowanne zai ɗauki naira 10,000 tun kafin a lissafa shanshera. Idan ya fitar da 30,000, nauyin ya sauko zuwa 2,000. Daga nan sauƙin yana raguwa, domin ko an kai 40,000, naira 500 kawai aka ƙara ragewa. In kuwa aka matsa wa injin fiye da ƙarfinsa, kaso na biyu ne zai fara kumbura: a biya kuɗin aikin dare, a tsallake lokacin gyara har wani abu ya karye, a nemo shanshera daga nesa da tsadar mota. Shi ya sa in an zana wannan lissafi a takarda layin yake fitowa kamar ƙwarya, ya gangaro, ya kwanta, ya sake hawa. Jacob Viner ya yi fitaccen bayani a kan wannan zane tun 1931. Kamfani mai lafiya a gindin ƙwaryar yake aiki, namu da yawa kuwa suna maƙale can a gefen farko, inda buhu kaɗan ke ɗauke da kayan da aka tanada don buhu mai yawa.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a Kebbi, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020. Masu jari suka ga kasuwa, aka kafa injuna a Kano da Kebbi da Jigawa. Sai dai inji a 'yan watanni ake girka shi, gona kuwa ba ta faɗaɗa da gaggawa haka, balle ga 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Neja, ga ambaliyar 2022, ga tsadar taki. Masu kamfanoni sun sha kokawa da ƙarancin shanshera. Ana cikin haka, a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A ya koma naira 225 kan kowane kilowat a awa, a Nuwamban shekarar kuma Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Na farko ya daki kuɗin aiki, na biyu ya daki tsayayyen kuɗi.

Wani zai ce shanshera ce ke cinye mafi yawan kuɗin buhu, don haka zancen tsayayyen kuɗi fakewa ce da guzuma a harbi karsana, masu kamfani na neman hujjar tsawwala farashi. Gaskiya ne shanshera ce babban kaso, kuma ba na wanke mai ɓoye kaya. Amma kusan farashi ɗaya kowa ke sayenta, ribar casa kuma siririya ce, saboda haka ɗan abin da ke tsakanin 2,000 da 10,000 shi ke raba mai ci gaba da mai rufe ƙofa. A duba ƙananan masu casa na Kura: injinsu ƙarami, bashinsu kaɗan, in kaya ya yanke su kulle rumfa su jira kaka ba tare da banki ya biyo su ba. Wani kuma zai ce tunda yawan aiki na rage tsada, a gina manya kawai. Girman inji yana sauko da gindin ƙwaryar ne idan akwai abin ciyar da shi wata goma sha biyu. In babu, ƙarin tsayayyen kuɗi aka saya.

Duk gwamnan da ke shirin yanka kirtanin buɗe sabon kamfanin shinkafa, ya fara tambayar kwana nawa waɗanda ke jiharsa suka yi aiki bara. Kuɗin ya fi amfani a gyaran magudanan noman rani na Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja, da tsaron manoma, har injunan da ake da su su samu abin casa rani da damina.