Kamun Ƙafa a Abuja, Asara a Tsamiya

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu. A ƙaramar hukumar Bagudo, inda Tsamiya da Lolo ke kallon Jamhuriyar Benin, fatake suka wayi gari ga kaya a mota, ga bashi a wuya, hanya kuwa a toshe. Da Nuwamba ta zo, aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Iyakar Kamba ma, da ke maƙwabtaka, sai Afrilun 2022 aka buɗe ta.

Masana harkar kuɗi suna kiran wannan haɗarin sauyin manufa: mutum ya zuba jari, damina ta yi kyau, kasuwa na ci, amma takarda guda daga Abuja ta rushe lissafin. Sai dai irin wannan takarda ba daga sama take faɗowa ba. Tun Yunin 2015 Babban Banki ya sa shinkafa cikin kayayyaki 41 da ya daina ba masu shigo da su dala. A Nuwambar shekarar aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN da masu injinan casa suka yi ta kuka da fasa-ƙwaurin shinkafar da ake saukewa a Kwatano. Wanda ya bi sawun nan ya ga hadari na haɗuwa.

Sannan iska ta juya. A Yulin 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa, na kwana 150. Manomin fadamar Kogin Kwara da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, yana lissafi da tsohon farashin shanshera, bai san wa ya shiga wane ofishi ba kafin a yanke hukuncin.

A Amurka ba haka abin yake ba. Wata doka ta 1995 ta tilasta wa masu sana'ar kamun ƙafa yin rajista, kuma yanzu duk wata uku suna bayyana wanda ya ɗauke su aiki, nawa ya biya, a kan wace doka, da ma'aikatar da suka tuntuɓa. Tarayyar Turai ta buɗe nata kundin a 2011. Bankuna da masu zuba jari na karanta waɗannan bayanai: idan kamfanonin wani fanni suka ninka kuɗin da suke kashewa kan wani ƙuduri, an san akwai abin da ke tafe, sai mai ba da bashi ya sake duba sharuɗɗansa. Kundin ba ya faɗin wanda zai yi nasara, amma yana nuna inda ake kokawa da masu kokawar.

Mu nan, Sanata Dino Melaye ya gabatar da ƙudurin irin wannan rajista a 2016, ya tsallake karatu na biyu, bai zama doka ba. Abin takaici, ɗan Bagudo mai waya a hannu zai iya gano kamfanin da gwamnatinsa ta ɗauka ya yi mata kamun ƙafa a Washintan, amma ba zai san wanda ya gana da minista a Abuja kan shinkafarsa ba.

A ganina kamun ƙafa ba laifi ba ne. Manomi da ɗan kasuwa duk suna da haƙƙin kai kukansu. Ɓoyewar ce zalunci, domin babban attajiri yana jin labari tun ana shawara, ya kwashe kayansa, ƙaramin dillali kuwa sai a rediyo.

Kafin a samu kundin, ƙungiyoyin 'yan kasuwar kan iyaka su riƙa amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikatu kwana bakwai su amsa. Ɗan majalisar wakilai na Bagudo da Suru da sanatocin Kebbi kuwa, a taimaka a farfaɗo da ƙudurin nan.