Kafin Maƙala Ta Fito a Mujallar Bincike: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan kana da ɗan'uwa lakcara a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka buɗe a 2011, ko a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ka taɓa jin ya ce yana jiran takardarsa ta fito. Ba takardar albashi yake nufi ba. Maƙala ce ya aika wa mujallar bincike, kuma ƙarin girmansa yana rataye da ita.

Mece ce mujallar bincike?

Mujalla ce da masana ke buga sakamakon bincikensu a ciki domin sauran masana su duba. Ba a sayar da ita a tasha. A nan Dutse akwai DUJOPAS, mujallar kimiyya ta jami'ar tarayya, wadda ake samu a rumbun intanet na mujallun Afirka mai suna AJOL. Abin da ya bambanta irinta da jarida shi ne tantancewa.

Yaya ake tantancewar?

Ka ɗauka wani malami ya ce ya gano takin da ke ninka amfanin riɗi. Edita ba zai buga nan take ba. Zai aika maƙalar ga masana biyu ko uku na fannin, sau da yawa a ɓoye musu sunan marubucin, shi ma a ɓoye masa nasu. Su ne za su tambaya: gonaki nawa aka gwada? Damina nawa? An kwatanta da gonar da ba a sa takin ba? Daga nan su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar masa da abinsa. Aikin kan ci watanni, kuma galibi ba a biyan masu dubawar ko sisi.

Me aka hana?

Na farko satar fasaha, wato kwashe rubutu ko tunanin wani ba tare da ambaton sunansa ba. Yanzu akwai manhajoji irin su Turnitin da ke tona wannan cikin 'yan mintuna. Wanda ya fi shi muni shi ne ƙirƙirar alƙaluma: mutum yana zaune a ofis ya cike takardun tambaya ɗari uku da hannunsa, ya ce mutanen Kiyawa ne suka amsa. An kuma hana aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, da ɓoye sunan kamfanin da ya biya kuɗin binciken.

Sai wanda ya fi wahalar faɗa a ƙasarmu, wato "sa sunana". Aboki ya sa sunanka a tasa, kai ma ka sa nasa a taka, kowa ya samu biyu. Ko ɗalibi ya yi wahalar, a jera sunayen manya uku da ba su ko karanta ba. Mu muna ganin kara ce da girmamawa. A ƙa'ida kuwa, suna a kan maƙala shaida ce cewa mutum ya yi aikin, kuma zai amsa idan aka samu ƙarya. Da wannan hujjar ce kwamitin ɗa'ar wallafa na duniya, COPE, wanda aka kafa a Ingila a 1997, ya ce a 2023 ba za a sa manhajar ChatGPT a jerin marubuta ba: na'ura ba ta ɗaukar alhaki.

Ni da ba malami ba, ina ruwana?

Da ruwanka, domin abin da aka buga yau shi likita da malamin gona za su yi aiki da shi gobe. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, da ke danganta rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwar yara. Sai a 2010 aka janye ta, bayan iyaye da yawa sun guji allurar.

Kusa da gida, ka tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu. Babbar rigimar ita ce ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Shi ya sa mujalla ta gari ba ta karɓar bincike a kan mutane sai da shaidar amincewar kwamitin ɗa'a. Idan mai bincike ya zo ƙauyenku neman jini ko amsa, haƙƙinka ne ya yi maka bayani da Hausa, kuma kana iya cewa a'a.

Biyan kuɗi laifi ne?

A'a. Mujallu da yawa na gaskiya suna karɓar kuɗin bugu domin mai karatu ya samu kyauta. Laifin shi ne kuɗi ya maye gurbin tantancewa. Akwai mujallun bogi da ke aiko da saƙon imel mai daɗin baki, su yi alkawarin bugawa cikin mako guda. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika maƙalar ƙarya da gangan ga mujallu 304, sai 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS na Indiya tarar kimanin dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

A ganina malamin da ya faɗa hannunsu ba kullum ne maƙetaci ba. Lokacin ƙarin girma ya matso, ana ƙirga yawan maƙaloli, ga wanda ya ce kawo kuɗi gobe ta fito. Sai dai kwamitin ƙarin girma na iya ƙin ƙirga ta, a yi biyu babu.

Yaya zan gane ta gari?

Duba ko sunanta yana cikin AJOL ko rumbun DOAJ. Duba editocin, ka ga ko jami'o'insu sun san da su. Ka tambaya ko ta taɓa janye maƙala ko buga gyara, domin wadda ke yin haka tana bin sawun abin da ta buga. Idan har yanzu kana shakka, ma'aikacin laburaren jami'a zai duba maka kafin ka tura kuɗi.