Wa Zai Hau Keken In Kin Sauka?

 Yau maganarmu a kan masu sana'ar hannu ce, watau masu ɗinki da kitso da lalle da tuwon sayarwa, waɗanda suka cika Fagge da Sabon Gari. Tambaya guda na ke so kowacce ta yi wa kanta: ran da ido ya gaza zura zare, ko baya ya ƙi zaman kujera, wa zai riƙe sana'ar nan?

Abin da ya sa na tayar da zancen, wata tela ce a unguwarmu. Ta fi shekara talatin tana ɗinki, da keke huɗu da yara shida. Ciwo ya kayar da ita, bayan wata biyu Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo rabon gado, kekuna suka rabu gida gida. Masu yadi suka zo neman kayansu, ba wanda ya san na wance daga na wance. Waɗanda ta ke bi bashi kuwa suka yi gum. Kafin shekara ta kewayo yaran sun watse, shagon ya koma hannun wani.

Magada ba su yi laifi ba. Sana'ar hannu ce ba kamar kantin atamfa na Kwari ba. Can a ƙirga turame a raba, shi ke nan. Amma jarin tela yana cikin kanta: ta san awon kowa, ta san wadda ke biya nan take da wadda sai ƙarshen wata. Wannan kuwa alƙali ba ya iya raba shi. In ba ta damƙa shi ga wata tun tana da rai ba, tare za a binne su.

Ku dubi manya. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu cikin 1955, amma tun da sauran ƙarfinsa ya sa 'ya'yansa cikin ciniki, ya kuma yi musu wasiyya su haɗa kansu kada gidan ya watse. Ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin, da ya rasu cikin 1960 Aminu ya karɓa, shi kuwa sai 2025 Allah ya yi masa rasuwa. Kada ki ce wannan zancen attajirai ne. Mai keke ɗaya ta fi su bukatar shiri, don ita ba ta da akawu.

Ku dubi kuma maƙwabtanmu Ibo na Sabon Gari, unguwar da aka kafa ba da daɗewa ba bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Al'adarsu ce a ɗauko yaro ya yi wa maigida bauta shekaru, yana koyon ciniki. In wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Tun ran farko kowa ya san inda aka dosa. Mu kuwa sai yarinya ta yi shekara goma tana mana guga da sa maɓalli, ba mu taɓa bari ta kama almakashi ba, wai kada ta ƙwace mana masu ciniki.

To, ga shawara uku.

Ta farko, ki zaɓi magajiya tun yanzu, ko 'yarki ce ko 'yar koyo, wadda ta fi hankali da amana. Ki koya mata yanka, ki nuna ta ga masu ciniki da mai shagon da ki ke haya. Mako mako ki bar mata shagon yini guda ki ga kamun ludayinta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ta biyu, ki sayi littafi. Ki rubuta awo, da kayan mutane da ke hannunki, da bashin da ki ke bi da wanda a ke binki, har da zubin adashi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. In ba ki iya rubutu ba, ɗanki na makaranta ya rubuta. A yi littafin biyu, ɗaya ya kwana a gida. Gobarar da ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin Maris 2016 ta isa ta koya mana wannan.

Ta uku, ki san abin da shari'a ta ce. In mace ta rasu, a kan fara da jana'iza da biyan bashi, sa'an nan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji. Saura miji ya ɗauki rubu'i in tana da ɗa, iyaye su ɗauki nasu, 'ya'ya su raba, namiji rabon mace biyu. 'Yar koyo da ba magajiya ba ce ba ta da ko allura. Saboda haka in kina so keke ya zama nata, ki ba ta kyauta kina da lafiya, gaban shaidu, ta kuma karɓa ya shiga hannunta. Kyautar da aka yi a kan gadon ajali hukuncin wasiyya ta ke bi. Ko kuwa ki sayar mata, ta riƙa biya kaɗan kaɗan, ya zama abin cefanenki bayan kin huta. Ki tuntuɓi malami kafin ki yanke. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sai su je wurin lauya a rubuta musu tasu wasiyya.

Na san wata za ta ce wannan kiran mutuwa ne. Haba, 'yar'uwa! Shiri ba ya kawo ajali, rashinsa kuma ba ya ƙara kwana. Don gobe a ke wanke tukunya. Abin daɗi ne ki zauna kan tabarma kina jan carbi, kina jin ƙarar kekenki a hannun wadda kika rena.

Allah ya sa mu gama lafiya, ya sa albarka cikin abin da za mu bari. Sai mako mai zuwa.