Yadda ɗaliban jami'a za su mayar da ChatGPT almajirinsu

A makarantun allo na Baure da sauran garuruwan masarautar Daura, ba alaramma ne ke biya wa kowane yaro karatu ba. Gardi ne ke zama da kolo da titibiri, ya saurari allonsu, ya gyara musu. Duk wanda ya yi tsangaya ya san gardin ma yana ƙaruwa, domin ayar da ya biya wa yara goma da wuya ta sake kuɓuce masa.

Masana ilimi a Turai sun gano amfanin wannan dabara daga baya. A shekarun 1980, Jean-Pol Martin, malamin Faransanci a Jamus, ya fara sa ɗalibansa su riƙa gabatar wa junansu darasi. Sai kuma Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta ƙirƙiro Betty's Brain, wata manhaja da yaro ke koya wa kimiyya, sannan a yi mata jarrabawa a gabansa. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2009 ya nuna yaran da suka ɗauka wani suke koyarwa sun fi dagewa kan karatu fiye da masu karanta wa kansu.

Yanzu ba sai an gina manhaja ta musamman ba. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, da shigowar Meta AI cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, wayar hannu ta isa. Matsalar ita ce yawancin ɗalibai tambaya suke jefa wa na'urar, su kwafe amsa, su miƙa wa malami, kansu kuwa fayau.

A juya lamarin. A ce ɗan Baure ne ke karatun injiniya a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura. Ya rubuta wa manhajar cewa ita sabuwar ɗaliba ce, kada ta ba shi amsa, tambaya kawai za ta yi. Sai ya bayyana mata dalilin barin ɗan gibi tsakanin ƙarafunan tsohon layin dogo: ƙarfe na miƙewa idan ya sha zafi. Tana iya tambayarsa, to me ya sa layukan zamani da aka yi wa walda ba su da gibin? Idan ya yi shiru, ya gano inda karatunsa ya tsaya tun kafin ranar jarrabawa. A aji mai cunkoso, inda malami ba zai iya sauraron kowa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai na'urar ba kolo ba ce. Ta riga ta san amsar, kuma tana yawan mantawa ta koma malama. Ta kuma cika yabo, har bayani gurgu sai ta ce ya yi kyau. Hausarta ma ba ta kai Turancinta ba, musamman a kalmomin kimiyya. Shi ya sa ya kamata malamin kwas ya karɓi hirar gaba ɗaya ya duba, ya ba da maki kan bayanin ɗalibi da yadda ya amsa tambayoyin. Ɗalibin da zai tafi hutu ƙauyukan bakin iyaka da Nijar kuwa, gara ya adana hirar a wayarsa tun yana inda sabis ke da ƙarfi.