Keke a Gindin Tsaunukan Alps: Abin da Ya Ja Jama'a Zuwa Burjin Kogin Isar

Kogin Isar yana fitowa ne daga tsaunukan Karwendel da ke jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya. Yakan tsallaka iyaka kusa da garin Scharnitz, ya ratsa Mittenwald da Lenggries da Bad Tölz a jihar Bavariya ta Jamus, ya bi ta tsakiyar birnin Munik, sannan ya zuba a Danube bayan tafiyar kusan kilomita 300. A yankin da yake gangarowa akwai tafkuna irin su Walchensee da Kochelsee, ga kuma ɗaruruwan hanyoyin burji da suka karkasu cikin dazuzzuka. A 'yan shekarun nan waɗannan hanyoyi sun cika da wasu sababbin baƙi, wato masu keken tsakuwa. Keke ne mai lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere, amma da taya mai kauri, kimanin milimita 40, wadda ba ta tsoron duwatsu.

Salon ya samo asali ne daga Amurka, inda aka fara wata gasa a kan burjin jihar Kansas a 2006. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka sa wa keken birkin faifai mai kamawa ko cikin ruwa da taɓo, suka faɗaɗa gurbin taya. Zuwa 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. Amma ba gasa ce ta kai yawancin mutane bakin Isar ba. Tsoron mota ne. A Jamus, masu keke sama da 400 ne ke rasa rayukansu a kan hanya kusan duk shekara. A 2020 an kafa dokar da ta tilasta wa direba ya bar tazarar mita 2 idan zai wuce mai keke a wajen gari, sai dai duk wanda ya taɓa hawan titin Kesselberg, mai kwana-kwana tsakanin Kochel da Walchensee, ya san doka daban, ƙarar babur a bayan kunne daban. Mutumin da ya fito shan iska ba zai so ya yini yana waiwaye ba.

Wasu abubuwa uku suka zo suka ƙara wa wutar mai. Annobar korona ta rufe iyakoki da wuraren motsa jiki a 2020, sai mutanen Munik, birni mai mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, suka fantsama cikin tsaunukan da ke bayan gidansu. Manhajojin waya irin su Komoot da Strava suka tona hanyoyin da a da sai ɗan gari ne ya san su. Sannan keke mai batir ya sauƙaƙa hawa. A 2023, karon farko, kekunan lantarki da aka sayar a Jamus sun fi na gargajiya yawa. Hawan da a da yake tace mutane, ya bar masu ƙarfin ƙafa kaɗai, yanzu dattijo mai shekara saba'in yana gama shi ba tare da ya jiƙa riga ba.

Ga misalin abin da suke nema. Daga tashar jirgin ƙasa ta Scharnitz, mai keke zai iya shiga kwarin Hinterau, ya bi gefen kogin sama da kilomita 10 har inda ruwan Isar ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan kuma garau, mai launi tsakanin kore da shuɗi saboda farin dutsen da yake wankowa. Wanda ya fi jin ƙarfi sai ya juya kwarin Karwendel, ya yi ta hawa har masaukin Karwendelhaus da ke mita 1,771 sama da teku. A duk tafiyar ba zai ji komai ba sai kukan tsakuwa a ƙarƙashin taya da ƙararrawar wuyan shanu, in ban da motar mai kai kaya masauki da kan gifta jefi-jefi.

Wannan mota da ke giftawa ita ce ke bayyana ainihin lamarin. Ba don masu keke aka yi waɗannan hanyoyi ba. An share su ne don fitar da katako, da kai shanu makiyayar kan tsauni lokacin zafi, da kula da madatsun ruwa. Tashar lantarki ta Walchensee, wadda ta fara aiki a 1924, tana amfani da gangaren mita 200 da ke tsakanin tafkunan Walchensee da Kochelsee, kuma ana karkato mata ruwan Isar daga Krün. Madatsar Sylvenstein kuwa an kammala ta a 1959 don kare garuruwan ƙasa daga ambaliya. Shirun da baƙo yake morewa aro ne daga masu aiki a wurin, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Nan ne doka ta rabu gida biyu, ko da yake kogin ɗaya ne. A Bavariya, sashe na 141 na kundin tsarin mulkin jihar ya ba kowa 'yancin shiga daji da tsauni don shaƙatawa, dokar kare muhalli kuma ta halatta hawan keke a kan duk hanyar da ta dace. Wace ce ta dace? An daɗe ana jayayya a kan wannan tsakanin ƙungiyoyin masu keke da masu filaye. Da zarar ka tsallaka Ostiriya, magana ta sauya. Dokar gandun daji ta 1975 ta yarda kowa ya shiga daji da ƙafa, amma hawan keke a hanyar daji sai da izinin mai ita. Wanda ya shiga ba izini yana iya shan tara, ko ma mai fili ya maka shi kotu. Baƙi da yawa ba sa sanin sun ƙetare wannan iyaka sai sun ci karo da allon hani.

Tirol ta nemo mafita tun 1997. Jihar da ƙungiyoyin yawon buɗe ido sukan ƙulla yarjejeniya da mai hanya, a biya shi gwargwadon tsawonta, a ɗauke masa nauyin inshora idan wani ya faɗi, a kafa alamomi. A ganina wannan ya fi tsarin Bavariya gaskiya, domin ya amince cewa manomi yana da abin asara. Shi ne wanda shanunsa ke ɓallewa idan an bar ƙofar shinge a buɗe, shi ne kuma wanda zai taka birkin tarakta mai ɗauke da gungume idan wani ya ɓullo daga kwana a guje. Tsoron shari'a ba wasa ba ne a wajen manoma. Bayan da shanu suka kashe wata Bajamushiya mai yawo da kare a kwarin Pinnis a 2014, kotu ta ɗora wa manomin diyya, abin da ya tayar da ƙura har Ostiriya ta gyara dokarta a 2019 don ɗora wa baƙi wani kaso na alhaki.

Ta fuskar kuɗi, garuruwan sun amfana. Dusar ƙanƙara tana raguwa a ƙananan tsaunuka, don haka wurare irin su Lenggries, da suka saba cin kasuwar lokacin sanyi, suna maraba da baƙon da zai zo tun daga Afrilu har Oktoba. Masu masauki da masu gyara da masu ba da haya duk suna samu. Sai dai yawancin baƙin 'yan yini ne, su zo da safe su koma da yamma, abin da suke kashewa bai taka kara ya karya ba.

Muhalli kuwa yana biyan nasa kuɗin a ɓoye. Tsakanin Wallgau da Sylvenstein, Isar na daga cikin 'yan kogunan da suka rage a Jamus masu yawo yadda suka ga dama, yana sauya hanya a kan faffaɗar shimfiɗar tsakuwa bayan kowace ambaliya. A kan wannan tsakuwa wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ke yin ƙwai, ba sheƙa, ba ciyawa, kuma launin ƙwan ya saje da dutse har ba a gane shi. Mai keke ya jingine kekensa, ya gangara ya tsoma ƙafa a ruwa na rabin sa'a, uwar ta tashi, ƙwan ya huce ko rana ta dafa shi, shi kuwa ya hau ya tafi bai san ya yi ɓarna ba. Dalili ke nan da gundumar Bad Tölz-Wolfratshausen ta ɗauki ma'aikatan sintiri a bakin kogin, ana kuma killace wasu wurare lokacin ƙyanƙyasa. A kan burjin kansa taya ba ta yin wata illa, tunda an gina shi ne don manyan motoci. Matsalar tana farawa ne inda aka sauka daga hanya, ko aka kunna fitila da dare aka firgita namun daji.

Babban abin mamakin shi ne, mutumin da ya gudo daga mota, da mota ya zo. A ranakun hutu masu rana, filayen ajiye motoci na kewayen Walchensee sukan cika tun da hantsi, kowace mota da kekuna a goye, mazauna ƙauyuka su rasa hanyar fita daga gidajensu. Cunkoson bai gushe ba, an dai matsar da shi ne zuwa bakin daji. Jirgin ƙasa yana zuwa Kochel da Lenggries da Mittenwald da Scharnitz, amma gurbin keke a ciki kaɗan ne, kuma tikitin wata-wata na ƙasa baki ɗaya da aka ƙaddamar a 2023 bai haɗa da kuɗin keke a Bavariya ba. Muddin ɗora keke a bayan mota ya fi shigar da shi jirgi sauƙi, ƙauyukan bakin tafki ne za su ci gaba da shaƙar hayaƙin da mai keke ya guje wa. Hukumomin yankin ba ƙarin hanyoyi suke buƙata ba, akwai su birjik. Ƙarin taragon keke suke buƙata a jiragen Asabar da Lahadi.