Daga kujerar Firaminista zuwa ta kansilan Kornaka

A ranar 27 ga Disamba 2009 aka yi zaɓen kansiloli a Jamhuriyar Nijar. Cikin 'yan takarar jihar Maraɗi akwai wani dattijo wanda jama'a suka yi mamakin ganin sunansa, wato Alhaji Amadu Shaifu, tsohon Firaminista. Kujerar kansila ya nema a garinsu Kornaka, cikin ƙasar Dakoro, kuma ya same ta. Manyan 'yan siyasarmu ba su saba yin haka ba; idonsu kullum yana Yamai.

An haifi Amadu Shaifu a Kornaka a shekara ta 1942. Ya yi karatun aikin jiragen sama a Tuluz ta ƙasar Faransa, ya kuma yi aiki a Dakar ƙarƙashin hukumar duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen sama. Babban taron ƙasa ne ya zaɓe shi Firaministan riƙon ƙwarya ranar 26 ga Oktoba 1991, ya riƙe har Afrilu 1993. A 2004 ya rabu da CDS-Rahama, ya kafa RSD-Gaskiya, ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa.

To, mutum mai wannan tarihi, mene ne zai tarar a majalisar ƙaramar hukuma? Amsar tana cikin makon farko na mulkinsa. A ƙarshen Oktoba 1991, 'yan kwanaki bayan zaɓensa, aka yi kisan Toda a ƙasar Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani sama da 100, galibinsu mata da yara. Kafin riƙon ƙwarya ya ƙare, ranar 2 ga Maris 1993, aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda daga cikinta aka sami hukumomin kula da filaye. Amma doka takarda ce. Wanda zai tsaya a kan burtali ya ce a nan gona ta ƙare, wanda zai sa a kafa alama, a bar wa dabbobi hanyar zuwa rijiya, a bi ranar sakin gonaki bayan girbi, ba a Yamai yake ba. Kafin a rushe majalisu a 2024, magajin gari shi ne shugaban hukumar filaye ta ƙaramar hukumarsa, shi kuwa kansiloli ke zaɓensa daga cikinsu. A lokacin sarakuna suna zama majalisa, ana jin shawararsu, amma ba su jefa ƙuri'a.

Wannan aiki ɗaya ne, ko a Kornaka, ko a Gazawa da Gangara, ko a Agiye da Cadawa. A nan kudu ma ya fi tsanani, domin mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, saura ta kusa ɓacewa. Kuɗin majalisa kuwa daga harajin kai da na kasuwa suke fitowa, da su ake son gyara rijiya, da aji, da gidan likita. Ba su taɓa isa ba.

Ba za a ɓoye ba, takarar Shaifu tana da tabo. An yi zaɓen ne bayan tazarcen Shugaba Tanja Mamadu, wanda jam'iyyarsa ta mara wa baya, 'yan adawa kuwa suka ƙaurace wa akwati. Nasarar da aka samu babu manyan abokan hamayya, daraja tata ragaggiya ce. Kujerar ma ba ta daɗe ba: ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da Tanja, majalisun suka tafi tare da shi. Sai 11 ga Janairu 2011 aka sake zaɓe, shekarar da aka cire Gazawa daga Agiye ta zama gunduma mai kanta, shi kuma Shaifu aka naɗa shi mai shiga tsakani na Jamhuriya.

Zaɓen kansiloli na 13 ga Disamba 2020 ya ba Gazawa da maƙwabtanta sababbin majalisu. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe su a duk faɗin ƙasa, suka naɗa kantomomi a madadin magadan gari.